Maganin ƙuda cikin abincin kaji: gyara ne ko ɓarna?

Mai Kaji Arkilla: Salam jama'a. Ni dai na tsaya kan maganata, wanda duk ƙuda ya dama a gidan kaji ya sa maganin cyromazine, wanda ake saidawa da sunan Larvadex, cikin fid, wato abincin kaji. Giram 5 na sinadarin cikin ton guda. Kaza ta ci, ya fita cikin kashi, tsutsar ƙuda da ke cikin kashin ta kasa girma, magana ta ƙare.

Hajiya Mabera: Alhaji ai ba ta ƙare ba wallahi. Abin da kaza ta ci ina yake zuwa in ba cikin ƙwai ba? Ƙwan nan ɗiyanmu ka cinai da safe, ni ban yarda a zuba guba cikin abinci don a huta da kwasar taki ba.

Mai Kaji Arkilla: Hajiya ba irin fiya-fiya ba ne, tsutsa yake hana saɓa. Amurka tun shekarun 1980 sunka amince da shi ga kajin ƙwai.

Likitan Dabbobi: Kowa na da tasa gaskiya. In an bi awo, ragowar da ke cikin ƙwai kaɗan ce. Amma Alhaji ka tsallake sharuɗɗa, ba a ba da shi shekara zagaye, sati 4 zuwa 6 ne a tsaya, kuma kazar da za a yanka sai an janye mata kwana 3. Babban ƙuda mai tashi bai kashe shi. Sannan a gonakin da anka dinga ba da shi ba hutu ƙudan sun saba, maganin ya daina aiki.

Hajiya Mabera: To likita wa ka auna giram 5 a nan? Mutum da shebur yake haɗa fid a tsakar gida, wata kaza ta ci ninki wata ko ɗanɗano ba ta samu ba, nan tsorona yake.

Ɗan Kware: Ku duba mashayar ruwa tukuna don Allah, duk inda nipil, wato bakin da kaza ke shan ruwa, ke ɗiga nan tsutsa take. Da zafin Afrilu kashi na bushewa da kanshi, sai damina ta sauka ake kuka. Ƙuda kan kai kamar mako guda daga ƙwai zuwa tashi, in ana kwashewa kafin nan ya mutu a hanya, kuma masu albasa na jiran takin da kuɗinsu.

Mai Kaji Arkilla: Kaji dubu biyar cikin keji a Agusta, zo ka kwashe mu gani, maƙwabta har gida suke sallama.

Likitan Dabbobi: In ta kai haka a yi na damina kaɗai, a injin haɗa fid, mai lambar NAFDAC, a kuma toshe yoyon.

Hajiya Mabera: Kajina dai ba za su ci ba, Alhaji. Buntun shinkafa zan ƙara a ƙasa don kashi ya bushe.