Jirgin tururi na Kogin Nilu: in hau da Baba ko mu haƙura?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Alƙahira da mahaifina, an cire masa yanar ido kuma alhamdulillahi an dace. Likita ya ce mu dawo bayan mako biyu a sake dubawa, to zaman otal ya ishe shi. Ya ga hoton wani tsohon jirgin ruwa mai hayaƙi, mai ƙaton wili a gefe yana dukan ruwa, ya ce irin jirgin ne ke zuwa Jimeta da damina suna yara, su ruga bakin Binuwai kallo. Yanzu ba shi da zance sai nasa. Shin irin wannan na tururi na gaske yana aiki har yau? Nawa ne mutum biyu? Gwiwa na damun Baba, yaya matakala take a ciki? Kuma ga shi muna watan Mayu, an ce kudancin Masar wuta ne. Wanda ya taɓa hawa ya taimaka.

Alhaji Mai Yadi: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ɗana, kuɗin nan ka kai shi Umara mana. Daga Alƙahira zuwa Jidda awa biyu ne a sama.

Ɗan Azhar: Yaya, yana nan. Sunansa Sudan, a Sikotlan aka ƙera shi a 1921 don kamfanin Thomas Cook, kuma har gobe tururi ke juya wilinsa biyu, dama da hagu. Amma ba a Alƙahira yake ba, tsakanin Luksor da Aswan yake zirga-zirga, tafiyar kwana biyar. Sai kun fara zuwa Luksor, awa ɗaya a jirgin sama ko ku kwana a jirgin ƙasa. Ɗakunansa ashirin da 'yan kai ne kacal, Turawa kan kama su watanni kafin lokaci, kuɗin kuma ya haura dala 2,000 kowane mutum. Babu lifta, matakalar katako ce. Akwai wani ƙarami mai suna Karim, na 1917, wanda Sarki Fu'ad da Sarki Faruƙ na Masar suka yi amfani da shi. Yawancin sauran ɗaruruwan da ka gani a talla injin dizal ne, otal ne kawai a kan ruwa.

Hajiya Uwar Biyu: Ƙanina, kada ka ba kowa ko sisi sai ka karanta wannan. Irin hoton nan aka nuna mana ni da maigidana a wani ofishi a Alƙahira, jirgi fari tas da wili da hayaƙi. Muka biya dala 900 kowannenmu, rabi kafin alƙalami, rabi a Luksor. Da muka isa bakin ruwa babu wili babu alamarsa. Jiragen a jere suke gefe da gefe kamar motoci a tasha, namu ne na huɗu, sai ka ratsa ta cikin uku da kayanka kafin ka kai. Ɗakinmu can ƙasa kusa da inji, gado na rawa dare farai, warin dizal har cikin tufafi. Na buɗe labule in ga Nilu sai na ga tagar jirgin maƙwabta, wani Bature na goge haƙora. Na kira mutumin ofishin, ya ce na tururin ya cika ne, ya ba mu wanda ya fi shi. Daga nan waya ta daina shiga. Ruwan sha sai ka saya. Kuɗin shiga wuraren tarihi da aka ce yana ciki, ba ya ciki. A Idfu mai keken doki ya yi ciniki da mu a bakin ruwa, da za mu dawo ya ce wancan kuɗin zuwa ne, har doki ma sai an ba shi bakshish, wato na goro. Maigidana mai hawan jini ne, a ranar na ga tashin hankali. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maman Hanifa: Innalillahi. Hajiya an cuce ku. Mu dala 380 muka biya, kwana huɗu Luksor zuwa Aswan, da abinci sau uku, ɗaki a hawa na uku. Ni kam na ji daɗi, musamman a Isna, inda jirgi ke shiga tsakanin ƙofofi biyu a rufe, a cika ruwa ya ɗaga ku sama. Kuna jiran layi 'yan kwale-kwale na jefo muku jallabiya da mayafi a leda har saman jirgi, in ba ka so ka jefa musu abinsu.

Hajiya Uwar Biyu: 380? 'Yar'uwa, ko dai kwale-kwale kika hau?

Maman Hanifa: Jirgi ne Hajiya, har da wurin wanka a sama. Da zafi muka je, lokacin kasuwarsu ta faɗi.

Injiniya KD: Ni 650 na biya a Disamba kuma an ce na samu sauƙi. Daga Oktoba zuwa Afrilu ne lokacin cinikinsu. Duk wanda ya ba ka farashi da fam ɗin Masar ka tambaye shi yaushe ya je, don a Maris 2024 fam ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala. Tsohon lissafi ba ya aiki.

Bakatsine: Ku bar wahalar da kanku, ga Banufe nan a zaure. A ba shi tukunyar dambu da wilin keke, gobe ya haɗa wa Baba jirgin tururi a Baro.

Banufen Bida: Ji mutumin da in ya ga rijiya sai ya kama bango! Kai da ruwa sai a buta. Amma Abban Sadiq, gaskiyar Baba ce. Jiragen tururi masu wili sun yi aiki a Kwara da Binuwai, daga Lakwaja su haura har Yola da Garwa idan ruwa ya cika, su sauko da gyaɗa da auduga. Baro ma, da ke bakin Kwara, saboda su aka ja layin dogo daga can zuwa Kano, ya isa a 1911. Kakana ya yi dakon itace yana sayar musu na hura tukunya. Ka gaida Baba, ka ce ɗan Nupe na tambayar ko ya tuna ƙarar usur ɗinsu.

Abban Sadiq: Na gode ƙwarai. To maganar gwiwar fa? Da zafin? Hajiya, a naku akwai lifta?

Hajiya Uwar Biyu: Lifta ina? Ni dai shawarata kada ka je. Kuma wanda ya fara ba ka bayanin jirgin, ka tambaye shi ko ya taɓa kwana a jirgin. Karatu daban, gani daban.

Ɗan Azhar: Hajiya, da girmanki, ban ce na kwana a ciki ba, ina ɗalibi ina na ga dala 2,000? Amma na tsaya a bakin ruwa a Aswan na ga wilinsa na juyawa, kuma na raka baƙi Luksor ba sau ɗaya ba. Ke kuma ba shi kika hau ba, wani aka ba ki. Yaya, Aswan a Mayu takan wuce digiri 40, shi ya sa ake fita yawon tun asuba. Kwarin Sarakuna, inda kaburburan Fir'aunoni suke, gangara ce cikin rami, wurin tarihi na Kom Ombo kuwa yana daf da inda jirgi ke tsayawa. Idan kallon kogin ne burin Baba, zai iya zama a inuwa a saman jirgi, amma hawa can ɗin ma matakala ce. Ka fara tambayar likita game da ƙura da hasken rana a idon.

Ustaz Abu Maryam: Ni abin da ban gane ba, dattijo ya samu lafiyar ido, abin da za a fara nuna masa gidajen gumakan Fir'auna?

Injiniya KD: Malam, ai an ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Kuma shi kogi ya ce yana so.

Hajiya Uwar Biyu: Tunda ana maganar raka baƙi, bari in faɗa. Wanda ya kai mu ofishin nan yaronmu ne, Bahaushe, tafintan da ya yi mana hidimar asibiti. Daga baya na ji ashe yana da la'adarsa a kan kowane kai. A asibitin ma haka, a kantin magani ma haka, har gidan da muka kama haya.

Alhaji Mai Yadi: Wannan ita ce maganar. Ƙanena an rubuta masa kuɗin gwaji, da ya koma shi kaɗai da ɗan Larabcinsa sai ga farashi ya sauko. Ka baro gida da ciwo, ka sayar da fili, sannan naka ya ci da kai.

Ɗan Azhar: Alhaji, ranka ya daɗe, akwai masu yi, ba na musu. Amma ku ma ku duba. Mutum ya bar darasi, ya tarbe ku a filin jirgi da tsakar dare, ya wuni a layin likita, ya kwana da majinyaci, ranar tafiya a ce masa Allah ya yi albarka. Da me zai biya haya? Ku yanka masa ladansa a fili tun farko, ku ce rasit na asibiti a hannunku za a ba ku.

Maman Hanifa: Mu mun yanka wa namu tun ranar farko, kuma duk da haka sai da ya karɓa ta baya a wurin mai gida. Matar mai gidan ce ta gaya min da bakinta.

Ɗan Azhar: Anti, wace unguwa kuka zauna, Madinatu Nasr ko Abbasiyya? Don kuɗin dillalin gida daban ne, ko Bamisire sai ya biya shi.