Za a gyara ginin da muke haya, wai sai mun tashi na ɗan lokaci

Maman yara uku: Salamu alaikum jama'ar gida. Ina Bronx a birnin New York na Amurka, shekarata tara a hawa na huɗu. Ginin ya tsufa, silin banɗakina ya kumbura har bokiti nake tarawa. Shekaranjiya aka zuro takarda ta ƙarƙashin ƙofa, wai an samu kuɗin gyara daga HUD, ma'aikatar gidaje ta gwamnatin tarayya, kuma mai yiwuwa a fitar da mu na 'yan watanni. Ba su sa rana ba. Yayata ta ce in tattara in koma wajenta a Newark tun sanyi bai shigo ba. In tafi? Tsorona kada in dawo in tarar da wani a ɗakina.

Hajiya daga Harlem: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ko cokali kada ki ɗaga. Wannan takardar sanarwa ce kawai, ba ta tashi ba ce. In kika kwashe da kanki kafin ta biyu ta zo, za su ce ra'ayinki ne, taimakon ya wuce ki. Mu da aka yi namu, su suka biya motar kwasar kaya zuwa da dawowa, da bambancin haya. Otal aka fara sa mu, ba kicin, sati biyu muna sayen abinci a waje. Rasit ne ya cece ni, a gwangwanin madara na riƙa tarawa.

Wani ɗan'uwa mai aikin gidaje: Gaskiyar Hajiya. Akwai dokar tarayya ta 1970, URA, da ta shafi duk aikin da kuɗin gwamnatin tarayya ya shiga. Wurin da za a ajiye ku dole ya zama mai tsafta da aminci, ya kuma ishi yawanku. In zaman wucin gadin ya haura wata 12, sai a yi miki tayin tallafin wanda aka tayar gaba ɗaya: sanarwar kwana 90, da cikon haya na wata 42. Ki nemi a rubuta miki ranar dawowa da hayar da za ki biya bayan gyara. Kada ki sa hannu a wata takarda sai lauyan masu haya ya duba, akwai na kyauta a birnin. Abu ɗaya kuma, dokar tana duba takardun zama a ƙasa, wannan da lauya za ki tattauna, ba a nan ba.

Malamar makaranta: Yar'uwa, Newark fa New Jersey ce, wata jihar daban. Makarantar yara fa? Ki roƙa a bar ku kusa da unguwa.

Maman yara uku: Allah ya saka da alheri. Wallahi har na fara ɗaure kwanuka, yanzu na kwance. Hajiya, firiza cike take da naman layya, ita ma suna ɗauka?

Hajiya daga Harlem: Firizar za su ɗauka. Naman dai ki fara soya shi tun yanzu.