Neman shawara: ina so in bi hanyar fataken gishiri da ƙafa, ni da ɗalibaina

Jikan Bafatake, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Zariya. Ƙanena da ke karatu a Jamus ya turo mini hotunan wata tafiyar ƙafa da suka yi lokacin hutu. Sunan hanyar SalzAlpenSteig. Ta taso daga bakin tafkin Chiemsee a kudancin Jamus, ta ratsa Bad Reichenhall da Berchtesgaden, ta shiga Ostiriya har tafkin Hallstatt. Wajen kilomita 230 ce, an yanka ta zango 18, kowane zango tafiyar yini guda, kuma garuruwan da ta bi gishiri ne ya raya su. A Hallstatt an yi shekaru dubbai ana haƙo shi daga cikin dutse, a Berchtesgaden kuwa ramin da aka buɗe tun 1517 har yau ana aiki a ciki. Ƙanen nawa zango uku kawai ya taka, amma kwana biyu yana ba ni labari.

Abin da ya hana ni barci shi ne, mu ma muna da irin wannan hanya. Kakana bafatake ne. Da rani yakan ɗaura wa jakai kayan saƙi da jima ya yi kudu, ya dawo da gishirin Keana da na Awe, garuruwan da ke Jihar Nasarawa ta yanzu. Na riske shi ina ƙarami. Ina tuna duga-dugansa, faso ya tsattsaga su kamar ƙasar fadama a watan Maris, kakata tana cusa masa man kaɗanya da dare. Mangalarsa tana nan rataye a zaurenmu, gara ta cinye gefe guda. Makon jiya na tambayi aji guda ko akwai wanda ya san kantu, wato curin gishiri, babu wanda ya ɗaga hannu. Wallahi abin ya taɓa ni.

Niyyata in ɗauki yara 15 a hutun Disamba, mu yi kwana biyar muna tafiya daga Zariya mu nufi kudu, muna kwana a inda fatake suka riƙa yada zango. Zai yiwu? Ta ina zan fara? Me zan gaya wa iyaye?

Maman Yara, Samaru

Wa'alaikumus salam. Malam, niyyarka mai kyau ce, Allah Ya saka. Amma ni uwa ce, kuma gaskiya zan faɗa maka: ko da kuɗi ka haɗa ni ba zan ba ka ɗana ya kwana a dajin kudancin Zariya ba. Kai ma ka san halin da hanyoyin nan suke ciki. Su can Jamus suna tafiya ba wanda ke waiwaye. 'Ya'yan mutane amana ne, in wani abu ya faru ba tarihi za a tambaye ka ba. Ka cire kwanan daji daga lissafi tukuna, sannan mu yi sauran magana.

Dattijon Ƙofar Doka

Ɗana, ka faranta mini rai, domin mahaifina ma ya yi fatauci. Maganar wannan baiwar Allah gaskiya ce, ka riƙe ta. Bari in ƙara maka abin da na ji daga bakin waɗanda suka taka hanyar.

Da farko, fatake ba sa tashi haka kawai. Ayari ne, da madugu wanda shi ke da faɗa a ji, shi ke magana da sarakunan garuruwa, shi ke daidaita kuɗin fito a bakin kogi. Akwai jagaba a gaba, wanda ya san inda ruwa yake da inda 'yan fashi ke tarewa. Ko a wancan zamanin ba a shiga daji sai da yawa da makami da sanin hanya. To kai wane ne jagabanka?

Na biyu, hanyar ba ɗaya ba ce kamar kwalta. Takan sauya saboda yaƙi, ko ruwa, ko wani sarki ya tsananta haraji. Abin da ya rage mana shi ne sunaye. Ka ji Zangon Aya, ka ji Zangon Katab, sunan ya riga ya gaya maka aikin da wurin ya yi. Keffi da Nasarawa da Jama'a duk a ƙarƙashin Zazzau suke a da, shi ya sa bafataken Zariya bai zama baƙo ba in ya yi kudu. Daga nan zuwa Keana ko a miƙe ya haura kilomita 300. Ka raba da 20 a yini, ka ga fiye da mako biyu ke nan, ga jaki da kaya. Kwana biyar ɗinka ko rabi ba za ta kai ku ba, gishiri kuwa ba za ku gan shi ba sam.

Ka san dalilin da ya sa sai da rani ake wannan fatauci? Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Mahaifina ya ce akwai shekarar da suka makara, ruwan farko ya tare su a hanya, suna ji suna gani rabin dukiya ya tsiyaye ta ƙarƙashin cikin jakai. Ya ce ranar manyan maza sun yi hawaye.

Shawarata, kafin ka gajiyar da ƙafar yara, ka gajiyar da kunnensu. Waɗanda suka ga fatake da idonsu sun kusa ƙarewa. Mu da muka ji daga bakinsu ma kullum raguwa muke yi.

Ɗalibin Tarihi, Kongo

Baba ya gama magana, ni ƙari ne kawai. Malam, kada ka manta gishiri biyu ne suka haɗu a kasuwanninmu, na kudu da na arewa. Kantun da ka tambayi yara a kai na Bilma ne da Fachi, can cikin hamadar Nijar. Buzaye ke tashi daga Abzin da raƙuma wajen watan Oktoba, su ƙetare hamadar Tenere ɗauke da gero, su musanya shi da gishiri da dabino. Kantu shi ne wanda ake zubawa a kwarmin itacen dabino ya daskare, yawanci na dabbobi ne. Beza shi ne mai kyau, na miya. In sun dawo sai su gangaro Damagaram da Katsina da Kano, daga nan 'yan kasuwa su watsa shi ƙasar Hausa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, cikin irin wannan ayarin gishiri ya biyo daga Abzin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a farkon 1851. Ga kuma mangul da kanwa daga wajen Borno da ƙasar Manga.

Abin da ya karya kasuwar jakai shi ne jirgin ƙasa. Da layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, gishirin Ingila ya riƙa shigowa a buhu, fari tas, ga araha. Don haka tashar jirgi ta Sabon Gari ma zango ce a labarinka, kada ka tsallake ta. Ka kuma leƙa Sashen Tarihi na ABU da Arewa House a Kaduna kafin ka zana taswira.

'Yar Nasarawa, Sabon Gari

Yaya Malam, ni a Lafiya na tashi, aure ya kawo ni Zariya, kuma na sha zuwa Keana. Ka shiga mota ka je, kada ka ce sai da ƙafa. Mutanen garin Alago ne, kuma aikin gishiri na mata ne, uwa ta koya wa 'yarta. Da rani ake yi. Za ka ga sun yayyafa ruwan gishiri a kan ƙasa mai laushi, rana ta busar, su kankare ta su zuba a tukwane masu huji a gindi, su ƙara ruwa a kai. Yana ɗiga a hankali cikin wata tukunyar. Wannan ruwan ake ɗorawa a wuta har ya ƙone ya bar gishiri. Na taɓa tsayawa kusa da wata tsohuwa tana juya tukunya, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, fatar hannunta duk ta yi fari ta daddare. Ta ɗebo mini kaɗan yana da ɗumi ta zuba a tafin hannuna. Ɗanɗanonsa daban ne da na leda.

Sai dai ka fara zuwa kai kaɗai, ka kai gaisuwa fadar Osana, sarkin garin, ka nemi izini. Wurin yana da al'adunsa, ba a shiga kai tsaye ana ɗaukar hoto. Ka tafi da malama mace, matan za su fi sakin jiki da ita. Kuma ku sayi gishirin, kada ku je kallo kawai.

Ma'aikacin Lafiya, Wusasa

In dai za a yi tafiya ko ta yini ce: kada yaro ya sa sabon takalmi, bororo zai fito masa kafin hantsi. Kambas ɗin da ƙafa ta saba da shi, da safa biyu. A tashi bayan asuba a sauka kafin rana ta take. Hunturu na yaudara, mutum ba ya jin ƙishi alhali jiki na bushewa, don haka kowa da gorarsa, ku riƙe ruwan gishiri da sukari. A tambayi iyaye masu asma da masu sikila tun da wuri. Gishirin gargajiya kuma a ɗanɗana, amma na girkin kullum a bar mai sinadarin aidin saboda maƙoƙo.

Ɗan Gyallesu

Malam, don Allah kada a kashe maka gwiwa. Ganuwar Zazzau kaɗai kewayenta ya haura kilomita 10. Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, ga dutsen Kufena a gefe. Ai tafiyar kwanaki ce in ana tsayawa ana tambaya. In kun sa rana ina ciki.

Jikan Bafatake, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Hajiya Maman Yara, maganarki ta yi mini ɗaci da na fara karantawa, amma na kwana da ita na ga ke ce da gaskiya. Babu kwanan daji.

Ga yadda na sake tsarawa. Kwana uku a cikin Zariya, kowa ya kwana gidansu. Ranar farko ƙofofin birni da kasuwa, mu nemi masu sayar da kantu da kanwa yara su taɓa da hannunsu. Rana ta biyu gidajen dattawa, da littafi da na'urar ɗaukar murya. Ta uku mu taka daga birni zuwa tashar jirgi. Keana zan je ni kaɗai a Janairu kamar yadda ƙanwata 'Yar Nasarawa ta ce, in na ga hanya lafiya sai in kawo wa iyaye maganar. Zan fara da mai unguwa da hakimi kafin komai.

Baba na Ƙofar Doka, ranka ya daɗe, ko za ka yarda gidanka ya zama zangonmu na farko?

Dattijon Ƙofar Doka

Na yarda, ɗana. Ku zo ranar Asabar bayan la'asar, zan aika a ɗauko wani yayana da ya girme ni da shekara tara, shi ya taɓa bin mahaifinmu har Keffi yana yaro. Kunnensa ya yi nauyi, sai yaran sun ɗaga murya. Ka taho da mangalar nan, a naɗe ta a zane kada ta ƙarasa yagewa a hanya. Yana ganin ɗinkinta zai gaya maka ko ta gishiri ce ko ta goro.