Idan sukari ya sauka, shin matsin ido ma yana sauka?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske game da mahaifiyata, wadda shekarunta 58, kuma shekara 9 ke nan tana fama da ciwon sukari. Wata uku da suka wuce ta fara kukan cewa tana gani dishi-dishi, muka kai ta asibiti a nan Garwa, aka auna sukarinta da safe kafin ta karya aka samu giram 2.40 a lita, sannan a sashen ido aka ce matsin idonta na dama 26 ne, na hagu 23, aka rubuta mata maganin ɗigawa mai suna timolol. Yanzu sukarin ya sauko zuwa 1.30, ganinta ya washe har tana karatun Alƙur'ani ba da wahala ba, don haka ta ce tunda sukari ne ya kawo matsalar, babu dalilin ci gaba da ɗiga maganin. Shin idan sukari ya sauka matsin ido yana bin sa, ko kuwa kowanne hanyarsa daban?

Ma'aikacin jinyar ido, Marwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Kada ta daina maganin sai likitan da ya rubuta shi ya sake aunawa ya ce ta daina.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a idonta a lokaci guda, shi ya sa ta ɗauka abu ɗaya ne. Dishi-dishin da ya tafi kusan tabbas aikin sukari ne. A cikin ido, bayan baƙin ido, akwai wani ɗan gilashi na halitta da ke daidaita gani, kuma idan sukari ya yi yawa a jini yana shiga cikinsa ya rikiɗe zuwa wani sinadari mai suna sobitol, wanda ke jawo ruwa, sai gilashin ya kumbura, gani ya rikice. Da sukari ya daidaita na wasu makonni sai kumburin ya saɓe, gani ya dawo.

Matsin ido kuwa lamarinsa daban ne. Mutane suna ce masa hawan jinin ido, a asibitocinmu kuma za ka ji ana cewa tansiyon ido, amma a gaskiya ba jini ba ne. Ruwa ne garai da ido ke samarwa dare da rana, yana zagayawa a gaban ido, sannan ya fita ta wata 'yar matata da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da farinsa. Idan matatar ta fara cushewa, ruwan ya taru, matsi ya hau, sai ya riƙa danne jijiyar gani a hankali. A yawancin mutane matsin yana tsakanin 10 da 21, don haka 26 ya wuce iyaka. Bincike ya nuna cewa masu ciwon sukari sun fi sauran jama'a kamuwa da wannan ciwo na gilokoma, kuma a matsakaici matsin idonsu ya ɗan ɗara na wasu, amma ba kamar ma'auni ba ne da za a ce yau sukari ya sauka, gobe matsi ya bi shi. Ɓarnar da shekaru suka yi wa matatar ba ta gyaruwa don sukari ya sauka wata ɗaya. Ga shi kuma mu baƙar fata ciwon ya fi kama mu, yana kuma fara mana da wuri, ko da babu sukari.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan ciwon ba ya zafi, kuma daga gefe yake fara cin gani, tsakiya ta rage tar, mutum yana karatu lafiya lau har sai abu ya yi nisa. Abin da jijiyar gani ta rasa ba ya dawowa.

Akwai hanya ɗaya da sukari ke ɗaga matsin ido kai tsaye, ita ce mafi muni. Idan sukari ya daɗe yana lalata ƙananan hanyoyin jini na tantanin bayan ido, wurin yana rasa iska, sai ido ya fara tsiro da sababbin hanyoyin jini marasa ƙwari, har su kai gaban ido su toshe matatar gaba ɗaya. Wannan yana zuwa da ja da zafi mai tsanani, ɗigo kaɗai ba ya isarsa, sai an haɗa da ƙuna ta leza ko allura a cikin ido. Saboda haka ku nemi a buɗe mata ƙwayar ido da magani a duba bayan idon, kuma a maimaita aƙalla sau ɗaya kowace shekara.

Dattijo daga Injamena:

Ni ba likita ba ne, amma shekara 16 nake tare da wannan ciwo, kuma na yi kuskure biyu da ba na so Hajiya ta maimaita. Na farko, lokacin da sukarina ya hau na je na yanki tabarau, bayan wata ɗaya da ya sauka sai tabarau ɗin ya zama ba shi da amfani, kuɗina suka tafi a banza. Na biyu ya fi haɗari. Lokacin hunturu ƙura ta sa idona ƙaiƙayi, na sayi wani maganin ɗigawa a kasuwa, na ji daɗinsa ƙwarai, na yi ta ɗigawa kusan wata biyu, ashe akwai desametazon a ciki, wani magani dangin kotizon. Da aka auna ni matsin ya kai 30, kuma sai da na daina shi sannan ya sauko. Ɗana, ka bincika ɗakin Hajiya ka ga ko akwai wani magani da take sa wa idon ban da wanda likita ya rubuta.

Mai kantin magani, Ngawundare:

Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, magungunan da ke ɗauke da kotizon suna iya ɗaga matsin ido, kuma idan ƙwaya ce ko allura suna ɗaga sukari ma. Ina so in ƙara magana a kan timolol ɗin kansa, domin ko da yake a ido ake ɗiga shi, wani ɓangarensa yana bi ta hanyar hawaye ya sauka hanci ya shiga jini. Yana rage bugun zuciya, kuma yana iya ɓoye faɗuwar gaba da rawar jiki da ke sanar da mai ciwon sukari cewa sukarinsa ya faɗi, musamman mai yin allurar insulin ko mai shan ƙwayar maganin sukari ta gilibenkilamid. Idan Hajiya tana da asma, lallai likita ya sani tun yanzu, don akwai wasu magungunan da za a canja mata, kamar latanoporos da ake ɗigawa sau ɗaya da dare. Bayan kowane ɗigo ta rufe ido, ta danne kusurwar da ke kusa da hanci da yatsa na kamar minti biyu, wannan yana rage abin da ke shiga jini.

Ɗan Garwa:

Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Na duba kamar yadda Baba ya ce, ban samu wani magani ba sai kwallinta. Ba ta da asma, amma tana shan gilibenkilamid, don haka zan gaya wa likita. Malam, idan an sake aunawa aka samu matsin ya koma 18, za a iya cewa ta warke?

Ma'aikacin jinyar ido, Marwa:

A'a, 18 ɗin aikin maganin ne, kuma idan ta daina matsin zai koma inda yake cikin 'yan makonni. Ku nemi a yi mata gwajin faɗin gani a kuma duba jijiyar, su ne za su nuna ko 18 ya ishe ta ko sai an ƙara saukar da shi. Kai ma idan ka kai shekara 40 ka je a auna ka, da kai da 'yan'uwanka, domin ciwon yana bin jini.