Kaset huɗu na kakanmu kan Yaƙin Bama: yaya za mu adana su, yaya za mu tantance abin da ya faɗa?

Jikan Mazan Jiya, Kawo:

Assalamu alaikum jama'a. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ɗan mazan jiya ne, ya je Yaƙin Bama. Kafin rasuwarsa an ɗauki hirarsa a kaset huɗu, suna nan cikin adaka tare da lambobinsa biyu na yabo da wani ɗan littafi da gara ta fara ci. Kakarmu kuma tana raye, ta haura tamanin, a Kaduna take lokacin zuwan Sarauniya da daren da aka kashe Sardauna. Yaya za mu ceci kaset ɗin, kuma yaya za mu ɗauki tata hirar? Sannan iyayenmu sun ce kullum cewa yake shekara bakwai ya yi a Bama, alhali Yaƙin Duniya na Biyu gaba ɗaya shekara shida ne. Ruɗewar tsufa ce?

Malamin Tarihi, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi saurin cewa ya ruɗe. Tsofaffin sojan nan da yawa duk zamansu a kaki suke kira "Bama". Wanda ya shiga soja a 1939 ko 1940, mai yiwuwa gabashin Afirka aka fara kai shi yaƙi da Italiya. Sojan Najeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Daga nan a dawo da shi gida, a sake horar da shi, a kai shi Indiya, sannan Bama. Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, amma saboda ƙarancin jiragen ruwa da yawansu sai 1946 suka ga gida. Ƙirga daga 1939 zuwa 1946, ga bakwai ɗinka.

Abin da ganau ya gani da idonsa, ya ɗauka a kansa, ya ci, ya ji warinsa, da wuya ya ɓace masa. Shekara da adadi ne ke zamewa. Saboda haka a bakinsa za ka nemi abin da ya faru, a takarda ka nemi ranar.

In kana sauraron kaset ɗin, riƙe biro ka kasa kunne ga waɗannan. Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma ta je Bama, ta 81 da ta 82. Ta 81 ita ta fara tafiya a 1943, tambarinta baƙin gizo-gizo ne. Ta 82 ta bi baya a 1944, tambarinta mashi biyu a gicciye bisa gammo. Gammon nan ba ado ba ne: dazukan Arakan ba hanyar mota, don haka akwai rukuni guda na sojoji da aikinsu dakon harsashi da abinci da sassan igwa a ka. In ka ji ya ambaci kogin Kaladan da jirgin sama yana jefo musu abinci da laima, ka karkata ga ta 81. In ka ji Miyohon, wato Myohaung, wannan Janairun 1945 ne, inda rundunonin biyu suka haɗu. In kuwa ya ce da jirgin sama aka sauke su can bayan abokan gaba, to yana cikin bataliyoyin Najeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, da suka yi aiki da dakarun Birtaniya na musamman da ake kira Chindit a 1944. Sunayen nan ma ba baƙi ba ne gare mu: barikin Dalet da ke nan Kawo kusa da kai, da barikin Kalapanzin, duk sunayen wurare ne a Bama, barikin Chindit na Zariya kuma sunan waɗancan dakarun ya ci.

Littafin da gara ta fara ci ya fi lambobin amfani, domin galibin lambobin wancan yaƙi ba a buga sunan mai su a jiki ba. In takardar sallama ce, za ka ga lambarsa ta soja, yawanci tana farawa da NA, da bataliyarsa da ranar ɗauka da ranar sallama. Ɗauki hoton kowane shafi yau, kafin komai.

Mai Gyaran Rediyo, Tudun Wada:

Yallaɓai, don Allah kada ka jefa kaset ɗin nan cikin tsohuwar rediyon da ta shekara ashirin ba ta juya ba. Robar da ke jan zaren ta kan yi danƙo ko ta bushe, ta naɗe zaren ta tauna shi, kuma abin da ta tauna ya tafi.

Fara ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu da ke saman kowane kaset, don ko wani ya danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ba zai shafe ba. Sai ka duba ta tagar tsakiya. In ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce, ajiye wannan gefe guda, kar ya shiga na'ura ya shafa wa sauran. Duba ƙasa kuma, a tsakiya akwai wani ɗan soso da ke danna zaren ga kan na'urar. Gam ɗinsa kan saki ya faɗi, in babu shi murya za ta fito a dushe kamar daga cikin rijiya. Ana cire na wani kaset marar amfani a manna. Daga nan sa biro mai kusurwa a ramin ka juya a hankali daga farko har ƙarshe, don zaren da ya manne ya saki.

Na'urar da za ka yi aiki da ita, goge kanta da robar da auduga da sifirit, bar ta ta bushe minti biyar, ka gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba. Kada ka kara waya a bakin lasifika, za ka kwashi kukan awaki da janareton maƙwabta. Haɗa waya daga ramin fitar da sauti zuwa kwamfuta, ka ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. Ajiye sautin a tsarin WAV, ka saita shi a 48 kHz, 24 bit. Awa ɗaya ta layi guda tana cin kimanin MB 520. Daga wannan za ka fitar da MP3 na rabawa 'yan'uwa a WhatsApp, amma uwar kada a taɓa ta, ko da sunan rage shuu. Kaset mai lamba 90 minti 45 ne kowane gefe, kuma ba a gaggauta shi, huɗu za su ci maka awa shida. Kwafi uku: kwamfuta, filasha a wani gida daban, da intanet. Kaset ɗin ma kar a zubar.

Anti Mai Shirin Rediyo, Barnawa:

Ɗana, na Hajiya ya fi gaggawa, kaset zai iya jiran wata guda. Ka fara da neman izininta, ka gaya mata wa zai ji, kuma a ɗauki amincewarta a farkon sautin tare da kwanan wata da wurin.

Da hantsi ya fi, bayan ta karya. Minti 40 ya isa zama ɗaya, gara zama biyar gajeru da guda mai tsawo. Kashe fanka, sa wayar a yanayin jirgi, ɗora ta kan matashi kimanin taƙi biyu daga bakinta, ba kan tebur ba. Mutum biyu kawai a ɗakin. Da zarar 'ya'yanta maza sun zauna, za su fara "ba haka aka yi ba, Hajiya", ita kuma ta ja bakinta. In da jika mace da ta saba da ita, ita ta yi tambayar. Akwai abin da kunya ba za ta bar ta ta faɗa a gabanka ba, kuma kada ka matsa mata ta ambaci sunan mijinta, ka san ba za ta faɗa ba.

Kada a ce mata "wace shekara?" A ce: kina goyon wa? A wane gida kuke? Damina ce ko sanyi? Haka nan kada a sa mata magana a baki. "Kun ji tsoro, ko?" amsarsa "e" ce kawai. "Me kika fara ji a daren?" shi ke buɗe labari. In ta yi shiru, a bar ta, sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun shi ne wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. In ta yi kuka a tsaya, sai ta ce a ci gaba.

Babbar matsala ita ce cakuɗa gani da ji. Shekara da shekaru ana maimaita labarin 15 ga Janairun 1966 a rediyo, har ya zauna wa mutane kamar sun gani. Lokaci-lokaci a tambaye ta cikin ladabi: wannan da idonki, ko faɗa miki aka yi? Wa ya faɗa miki? Duka biyun a rubuta, amma a bambanta su.

Wajen rubutawa, awa ɗaya ta magana tana cin awa biyar zuwa shida. A rubuta yadda ta faɗa, da karin harshenta, in ta ce sule ko fam a bar shi haka.

Malamin Tarihi, Unguwar Rimi:

Anti ta gama magana. Ga turakun da za ka ɗaure lokutan Hajiya a jikinsu: hawan daba na Sarauniya Elizabeth a filin sukuwa, wanda yanzu ake kira Dandalin Murtala, Fabrairun 1956 ne. Kisan Sardauna daren Juma'a ne wayewar Asabar, cikin goman ƙarshe na azumi, don haka in ta ambaci sahur ta yi daidai. Komawa tuƙi a hannun dama Afrilun 1972, canjin kuɗi zuwa naira Janairun 1973.

Don takardu, ka je Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, ka nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Kundin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum yana ma'ajiyar Kew a Landan, na fagen Bama ƙarƙashin lamba WO 172, shi ya sa sanin bataliyarsa ke da muhimmanci. In kuma ya ambaci abokin da ya rasu a can, ka nemi sunan a shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel. Ka gwada rubutu iri-iri, domin magatakardan soja kan rubuta Mamman ko Momo a madadin Muhammadu, su liƙa masa sunan garinsu a matsayin na uba.

Jikan Mazan Jiya, Kawo:

Allah ya saka da alheri. Na buɗe littafin, lambar da NA ta fara, ranar sallama kuma 1946. Ɗaya daga cikin kaset ɗin ba shi da soson nan. Ƙanwata za ta zauna da Hajiya ranar Asabar da hantsi in sha Allahu.