An yi wa Meyer Shank fashi a gasar IMSA ta 2023?

Masoyin Acura: Jama'a, har yau abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya bi tseren motocin IMSA na Amurka a 2023 ya san motar Acura mai lamba 60 ta ƙungiyar Meyer Shank ce ta fi kowacce. Sau uku ta ci: awa 24 na Daytona, da tseren Kanada, da Petit Le Mans na filin Road Atlanta. Cadillac mai lamba 31 kuwa Sebring ta ci, shi ma don motoci ukun da ke gabanta sun yi karo ana saura kamar minti 20 a tashi. Amma direbobinta, Derani da Sims, aka naɗa zakaru. Wallahi fashi aka yi wa Meyer Shank da rana tsaka.

Mai Faci: Fashi? Malam, fashi shi ne a tare ka a hanya a ƙwace abin da ka samu da guminka. Waɗannan kama su aka yi sun taɓa alƙaluman iskar taya a Daytona, aka cire musu maki 200, aka ci su tarar dala 50,000. Hukunci sunansa.

Masoyin Acura: Hukuncin da ya wuce laifi ai fashi ne. Tazarar da ke tsakaninsu da Cadillac a ƙarshen shekara ko kusa da 200 ba ta kai ba.

Mai Faci: Bari in gaya maka abin da nake gani kullum a bakin aikina. In ka rage wa taya iska, sai ta baje a kan kwalta ta kama ƙasa sosai, mota ta sha kwana yadda direba yake so. Amma gefenta yana lanƙwashewa, tana ɗaukar zafi, in aka matsa mata sai ta fashe. Shi ya sa Michelin, mai samar musu da taya, ta yanka musu iyakar da ba a sauka ƙasa da ita. Su kuma suka sa kwamfuta tana nuna iska ta cika alhali ba ta cika ba, a filin da gangarensa ya kai digiri 31, cikin dare, da ran ɗan Adam a ciki. Wa ya yi wa wani fashi a nan?

Hajiyar Porsche: In ana maganar fashi, mu aka yi wa. A Watkins Glen motarmu mai lamba 6 ce ta fara tsallake layi, aka auna faifan ƙasanta aka ce ya cinye fiye da ƙa'ida, nan take aka miƙa wa BMW nasara. Ku kuwa an bar muku nasarar Daytona, har agogunan Rolex da ake ba wanda ya ci tseren ba a karɓa ba.

Ɗan Tasha: Hajiya, wannan ƙwace ne, ba fashi ba. Fashi sai da makami.

Hajiyar Porsche: To abin awo a hannun alƙalin tsere ba makami ba ne?

Ɗan Tasha: A'a. Ku tambayi duk wanda aka taɓa tarewa a daji. Kalmar tana da nauyi, ku daina wasa da ita.

Masoyin Acura: Babu mai wasa a nan, Yallaɓai. A ƙwallo ma ai muna cewa alƙalin wasa ya yi fashi.

Sabon Shiga: Ni ban ga abin kallo a mota ta kwana tana zagaye fili ɗaya ba. Formula 1 ce tsere.

Mai Faci: Yaro, manya na magana. Je ka zauna wa awa 10 na Road Atlanta tukuna.

Sabon Shiga: Ni ne yaro? Shekarata nawa ka sani?

Masoyin Acura: Ku bar shi. Tunda an ambaci Road Atlanta, me za ku ce da abin da Derani ya yi wa Albuquerque a kwanar farko? Mutum ya daki shinge har aka kai shi asibiti, kuma ba a hukunta kowa ba. Motar Albuquerque ma Acura ce, mai lamba 10, kuma tana neman kambun.

Ɗan Tasha: Albuquerque ne ya sa kansa ta waje inda babu hanya.

Hajiyar Porsche: Wannan Albuquerque ɗin ai yana cikin karon Sebring da ya kashe mana motoci biyu.

Mai Faci: Kuma kada a manta, kamfanin Honda, mai Acura, da kansa ya gano maguɗin tayar ya kai rahoto ga IMSA. Naku ne ya tona.

Masoyin Acura: Wannan ma shaida ce cewa gidanmu akwai gaskiya.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka, na rufe. Abin da na fahimta: yawancin 'yan'uwa sun yarda ba a yi fashi ba, kuma Cadillac ta cancanci kambunta tunda ba a taɓa kama ta da taɓa taya ba. Maganar Hajiya a kan Watkins Glen ba ta cikin batun yau. Masoyin Acura, muna girmama ka, amma ka janye kalmar nan. Duk wanda ya ji rugugin injin Cadillac ɗin nan a Sebring ya san zakara ya ji.