Mi za mu kira "logiciel libre" da Hausa?

Sahabi, Tahoua: Assalamu alaikum malamai. Ana shirya takardar horo da Hausa don masu buga takardu a shagunan sakatariya na nan Tahoua, a kan LibreOffice a madadin Microsoft Office. Kalma guda ta tsaida aikin: "logiciel libre". Wasu sun ce "manhajar kyauta". Mi kunka gani?

Malam Harouna: Wa alaikumus salam. "Kyauta" ba ta kama ba. Adobe Reader ma kyauta ake saukar da ita, amma ba wanda ke da izinin duba cikinta, balle ya canza. Abin da ya bambanta LibreOffice lasisinta ne: kowa na iya karanta rubutun da anka gina ta da shi, ya gyara, ya sa ta a kwamfuta ɗari ba tare da biyan kowa ba. Ni "manhaja mai ƴanci" nika so, ita ce manufar da Richard Stallman ya taho da ita a shirinsa na gina irin waɗannan manhajoji, mai suna GNU, tun 1983.

Hadiza, Yamai: Malam, a gafarce ni, ƴancin na mai aiki da ita ne, ba na manhajar ba. Ina ganin "buɗaɗɗiyar manhaja", kishiyarta "rufaffiyar manhaja", abin da ke buɗen kuma "rubutun tushe". Wanda aka ce wa "kyauta" zai ɗauka Word ce ta banza, sai takardar Word ta watse masa a LibreOffice ya yi fushi. Yawanci laifin haruffa ne: salon haruffan Calibri da Cambria na Microsoft ne, in babu su a kwamfutar layuka na zamewa, shafi biyu ya koma uku. A sa Carlito da Caladea, faɗinsu ɗaya da waɗancan.

Abdou: "Manhajar gayya" fa? Ai taron jama'a ne sunka cire LibreOffice daga wata manhaja irinta, OpenOffice.org, a 2010, gidauniyar The Document Foundation ke riƙe da ita a Jamus.

Malam Harouna: Ta yi daɗi, ƙanena, sai dai akwai waɗanda kamfani guda ke rubutawa, tushensu kuma a buɗe. A bar "gayya" wurin bayani. Na bi Hadiza.

Hadiza, Yamai: Na gode, Malam. Sahabi, ka ƙara wannan a takardar: a LibreOffice, Writer (madadin Word) na ajiya da .odt, Calc (madadin Excel) da .ods. In ofishin da za a kai wa aiki Word gare su, a shiga Outils, Options, Chargement/enregistrement, Général, a zaɓi .docx. Abin da ba za a sake gyarawa ba a fitar da shi PDF. Fayil ɗin Excel mai makro na VBA (ƙananan umarni masu yin aiki da kansu) kuwa, a gwada shi tukuna, ba duka ke tashi a Calc ba.

Sahabi, Tahoua: Madalla. Mun tsaya kan "buɗaɗɗiyar manhaja" da "rubutun tushe". Takardar kanta da haruffan Charis SIL za a buga ta, don ɓ, ɗ, ƙ da ƴ su fito daidai.